Daga Addis Ababa Zuwa Harar: Yadda Na Ga Zaman Mutanen Habasha

Mutanenmu da yawa sun taka ƙasar Habasha ba tare da sun shiga cikinta ba. 'Yan kasuwa masu zuwa Dubai da Sin da Indiya, da masu tafiya Umara, da ɗalibai, sukan sauka a filin jirgin sama na Bole da ke Addis Ababa, su yi 'yan sa'o'i a kujerun jira, sannan su hau wani jirgin su wuce, kuma idan an tambaye su labarin ƙasar ba su da abin faɗa sai cewa akwai sanyi. Ni ma a wannan sahu nake har zuwa lokacin da wani taron aiki ya kai ni birnin a watan Oktoba, bayan ɗaukewar damina. Da aka tashi daga taron ban koma gida nan take ba. Na bar otal na sauka a gidan wani tsohon abokin karatuna ɗan ƙasar, Kirista mabiyin cocin Orthodox, kuma a gidan nan ne na fara ganin yadda mutanen suke tafiyar da rayuwarsu.

Birnin yana bisa tudu da ya haura mita 2,300 daga doron teku, saboda haka baƙo daga ƙasa mai shimfiɗe yakan ji numfashinsa yana sama-sama idan ya hau bene, da asuba kuma ruwan alwala yakan sa yatsu su ƙage. Sarki Menelik na Biyu da matarsa Taitu ne suka kafa garin a 1886, bayan sun sauko daga dutsen Entoto, wanda har yanzu yake lulluɓe da itatuwan turare da aka shigo da su a zamanin sarkin don magance ƙarancin makamashi. Da hantsi mutum yakan ga mata suna gangarowa daga dutsen, sun goyo damin itace wanda faɗinsa ya fi tsawonsu, a gefen titin da manyan motocin jami'an Tarayyar Afirka suke wucewa.

Abu na farko da baƙo zai koya shi ne lissafin lokaci, domin mutanen Habasha ba su bi agogon sauran duniya ba. A wurinsu yini yana farawa ne da fitowar rana, don haka abin da muke kira ƙarfe 7 na safe shi ne ƙarfe 1 a gare su, tsakar rana ƙarfe 6, faɗuwar rana kuma ƙarfe 12, daga nan a soma ƙirga sa'o'in dare. Ƙasar tana kusa da tsakiyar duniya, rana ba ta cika sauya lokacin fitowa ba, shi ya sa tsarin yake tafiya daidai duk shekara, kuma a ganina ya fi namu ma'ana, tun da babu dalilin da zai sa a ce sabuwar rana ta fara da tsakar dare alhali kowa yana barci. Duk wanda ya saba hulɗa da baƙi, idan zai sa maka lokaci, sai ya tambaya ko agogon Habasha kake nufi ko na Turawa. Kalandarsu ma daban take. Watanni 12 ne masu kwana 30 cif-cif, sai ƙaramin wata na 13 mai suna Pagume wanda yake da kwana 5, ko 6 a shekara mai ƙari. Sabuwar shekara tana kamawa ranar 11 ga Satumba, wani lokaci 12, kuma suna bayan lissafin Miladiyya da shekara 7 ko 8 gwargwadon watan da ake ciki, har ma sai ranar 12 ga Satumba 2007 suka yi bikin shiga shekarar 2000. Da wannan kalanda ake rubuta rasit a kanti, da ita ake buɗe makarantu, da ita gwamnati take tsara kasafinta. Ƙasar da ta kori sojojin Italiya a yaƙin Adwa a 1896, wadda kuma mamayar Italiya ta biyu ba ta wuce daga 1936 zuwa 1941 ba, ba a taɓa samun wanda ya zauna a kanta har ya tilasta mata sauya lissafinta ba.

A kan titi, abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne layin shiga mota. Da yamma, sa'ad da ma'aikata suka tashi, sai ka ga mutane sun jeru a bakin hanya layi mai tsawo suna jiran ƙananan motocin haya masu launin shuɗi da fari, babu turereniya, babu mai tsallake wani, yaron mota yana leƙowa ta taga yana kiran sunan unguwa. Gaisuwa kuma ana ba ta haƙƙinta. Abokai maza sukan yi musafaha su haɗa kafaɗar dama da ta dama, mata da dangi sukan sumbaci juna a kunci sau uku ko fiye, yaro kuwa idan zai gaida babba sai ya tallafi hannunsa na dama da na hagu ya ɗan rusuna. Akwai kuma wani ɗan jan numfashi da suke yi cikin hira, kamar wanda aka razana, wanda ba ya nufin komai sai cewa mai sauraro yana biye kuma ya yarda. Ba su da sunan dangi irin na Turawa. Mutum yana amsa sunansa ne da na mahaifinsa, a takardun hukuma a ƙara na kakansa, mace kuma ba ta sauya suna don ta yi aure. Idan za a girmama namiji a ce Ato kafin sunansa, matar aure kuma Woizero.

Ranar da na sauka a gidan Laraba ce, kuma wannan ya sauƙaƙa wa uwargidan aiki, kamar yadda na gane daga baya. Kafin a kawo abinci, 'yar gidan ta zagayo da buta da tasa, ta fara da wanda ya fi kowa shekaru, tana zuba wa kowa ruwa ya wanke hannu a inda yake zaune. Sai aka kawo mesob, wani babban adudu mai ƙafa da murfi da aka saƙa da ciyawa mai launi, aka ajiye a tsakiya, muka kewaye shi. A ciki akwai faranti guda da aka shimfiɗe da injera, wadda ita ce tuwonsu, ita ce farantinsu, ita ce kuma cokalinsu. Ana yin ta da garin tef, wani hatsi mai ƙananan ƙwayoyi irin na acca, a kwaɓa a bar shi ya kwana biyu ko uku ya yi tsami, sannan a zuba a kan faffaɗan kaskon yumɓu a gasa gefe ɗaya, ta fito da ƙananan ramuka a fuska irin na sinasir, sai dai ta fi shi faɗi da laushi da tsami. A kanta aka jera miya kashi-kashi: shiro, wadda ake yi da garin wani nau'in wake, da adas, wani wake mai ƙananan ƙwayoyi, da aka dafa da jan yajinsu mai suna berbere, da ganye, da kabeji da karas da dankali. Babu nama, babu ƙwai, babu man shanu.

Dalili shi ne azumi. Mabiya cocin Orthodox suna azumtar Laraba da Juma'a a mafi yawan makonnin shekara, ga kuma babban azumi na kwana 55 kafin bikin Ista, da wasu azumin a tsakani, ta yadda mai kiyayewa yakan yi kimanin kwana 180 a shekara, limamansu kuwa har kusan 250. Azuminsu shi ne kame baki zuwa bayan tsakar rana, da barin duk abin da ya fito daga dabba a wannan yini. Wannan ya sa kowane gidan abinci a birnin yake da abin da ake kira abincin azumi, kuma shi ne mafakar Musulmi baƙo wanda bai san inda aka yanka naman ba. Mabiya cocin ba sa cin alade, suna cire takalmi kafin shiga coci, matansu kuma suna lulluɓa da farin mayafin auduga mai suna netela idan za su ibada, har da asuba mutum zai ɗauka masu zuwa masallaci ne.

Muna cikin ci sai maigidan ya yagi injera, ya naɗe miya a ciki ya yi loma mai girma, ya miƙo hannunsa zuwa bakina. Wannan ita ce gursha, kuma babbar karramawa ce: miji yana yi wa matarsa, uwa tana yi wa ɗanta ko da ya yi furfura, maigida yana yi wa baƙo, ƙin karɓa kuma yana iya sosa rai. Ba a cika tsayawa a loma ɗaya ba. Na karɓa, uwargidan ma ta miƙa wa mijinta, yaran suna dariya saboda yadda yajin ya sa ni hawaye. Ci daga faranti guda ba baƙon abu ba ne a wurina, amma ban taɓa zama a inda mata da maza da yara suke cin abinci tare, babba yana ba babba a baki, ba tare da kowa ya ji nauyi ba. Ko a gidan abinci, idan ka wuce kusa da wanda yake ci, zai ɗago ya ce maka "Innibla", wato mu ci, ko da bai taɓa ganinka ba.

Ranar Lahadi aka yi abin da ya fi komai tsaya mini a rai. Uwargidan ta dafa doro wot, miyar kaza mai yawan albasa da yaji da dafaffen ƙwai wadda ake yi wa baƙo mai daraja, amma ba daga tukunyarta aka zuba mini ba. Maƙwabciyarta Musulma ce ta shigo da nata kwanon, na kazar da mijinta ya yanka, ta dafa a gidanta, aka shimfiɗa mini injera a wani faranti dabam kusa da nasu, shi maƙwabcin ya zauna muka ci tare. Babu wanda ya nemi afuwa, babu wanda ya tsaya dogon bayani. A ƙasar, Musulmi ba ya cin yankan Kirista, kuma abin da bai cika faruwa a wasu wurare ba shi ne Kiristan Orthodox ma ba ya cin yankan Musulmi, domin shi ma yana da kalmomin da yake faɗa a kan dabba kafin ya sa wuƙa. Saboda haka shagunan mahauta iri biyu ne, wasu da alamar gicciye a ƙofa, wasu da jinjirin wata, kuma a lokacin babban azumi na Kirista sukan rufe. Mai masaukina ya gaya mini cewa a bikin aurensa sa biyu aka yanka, aka yi girki wuri biyu, domin rabin waɗanda ya gayyata Musulmi ne. Na lura cewa sanin wannan iyaka da kowa ya yi shi ne ya ba su damar sakin jiki da juna a sauran al'amura, tun da ba wanda yake tsoron a ciyar da shi abin da addininsa ya hana.

Gahawa kuwa ba ta da wannan iyaka. Sunanta buna, kuma shan ta a gida aiki ne na sa'a ɗaya ko fiye, wanda mace ce take gudanar da shi tun daga farko har ƙarshe. Uwargidan ta baza ɗanyar ciyawa a ƙasa, ta zauna a kujera 'yar tsugunno, ga murhun gawayi a gefenta, ga ƙaramin teburi da aka jera finjalai marasa mariƙi a kai. Ta wanke ɗanyun 'ya'yan gahawa, ta zuba a ƙaramin kasko tana juyawa har suka yi baƙi suna sheƙin mai, sannan ta zagaya da kaskon gaban kowa, kowa ya jawo hayaƙin da hannu zuwa hancinsa ya yaba. Ta daka a ƙaramin turmi, ta zuba garin a jebena, wata baƙar butar yumɓu mai ƙaton ciki da dogon wuya, ta ɗora a wuta. Da ta tafasa sai ta sauke ta jingine ta a kan gammo don garin ya kwanta, ta zuba lubban a garwashi ɗakin ya turnuƙe da ƙamshi, sannan ta ɗaga butar sama ta tsiyaya a finjalan a jere ba tare da ta yanke zubin ba. An fara miƙa wa dattijon da ke wurin. Wasu suna sha da sukari, wasu suna tsoma ganyen wani tsiro mai ƙamshi da ake kira tena adam, a wasu yankunan karkara kuma da gishiri ko man shanu ake sha. Ana haɗawa da gugguru ko soyayyen sha'ir.

Zagaye uku ake yi da gari ɗaya, ana ƙara ruwa ana mayarwa wuta. Na farko shi ne abol, mai ƙarfi, na biyu tona, na uku baraka, kuma tashi kafin na uku rashin ladabi ne sai da uzuri. A nan ne na ga amfanin abin. Maƙwabta mata uku sun shigo ba tare da an aika musu da wani dogon saƙo ba, yaro kawai aka tura ya ce buna ta nuna, gobe kuma a gidan ɗaya daga cikinsu za a sha. A tsawon zagaye ukun nan aka tattauna tsadar tef, da rashin lafiyar wata tsohuwa a layin da wanda zai kai ta asibiti, da saɓanin wasu ma'aurata da aka yanke shawarar tura musu dattawa. Habasha ce ta fi kowace ƙasa a Afirka noman gahawa, a dazuzzukan kudu maso yammacinta, wajen yankin Kaffa, itacen yake tsirowa da kansa, amma kusan rabin abin da take nomawa a cikin gida ake shanye shi. A bakin titi ma akwai mata masu jebena da 'yan kujeru inda leburori da ma'aikatan banki suke zama kafaɗa da kafaɗa, ga kuma shagunan zamani masu injin da suka gada daga Italiyawa, inda ake shan makiyato, gahawa mai ɗan madara, a tsaye.

Wata safiya kafin gari ya waye na ji ana busa ƙaho a layin, wani yana shela da ƙarfi. Rasuwa aka yi. Kafin hantsi an kafa babban tanti da ya toshe rabin hanya, an jera kujeru, an kawo manyan tukwane da kofuna, kuma ba iyalan mamacin ne suka yi ko ɗaya daga cikin wannan ba. Aikin iddir ne, ƙungiyar unguwa da kowane gida yake zuba mata ɗan kuɗi duk wata. Tana da shugaba da ma'aji da rumbun ajiye kaya, kuma idan mutuwa ta faɗa wa memba ita take ɗaukar nauyin jana'iza, ta ba iyalan kuɗi, ta raba wa mata aikin girki, ta tsara masu zama da su har kwana uku na makoki. Wanda bai halarta ba babu dalili ana cin sa tara, wanda aka kora daga iddir kuwa ya shiga uku, domin babu abin da mutumin Habasha yake tsoro kamar a rasa masu binne shi. A layin da na zauna, Musulmi da Kirista suna cikin iddir ɗaya, kowa ana yi masa sutura bisa addininsa, sauran kuma su zo su zauna a tanti. Suna da adashe ma, wanda suke kira ikub, kuma da shi mutane da yawa suke haɗa jarin buɗe shago ko sayen mota.

Sallar Juma'a na yi ta a masallacin Anwar da ke tsakiyar Merkato, babbar kasuwar birnin, inda sahu yake fita har kan titi, kuma kusa da shi cocin Raguel take, kowanne yana jin lasifikar ɗan'uwansa. A ƙidayar 2007 mabiya Orthodox sun kai kashi 43.5 cikin 100, Musulmi kashi 33.9, Furotesta kuma kashi 18.6. Duk Musulmin da na zanta da shi sai ya tuna mini cewa Musulunci ya iso Habasha kafin ya isa Madina, lokacin da Annabi (SAW) ya tura sahabbansa hijira wajen shekarar 615 zuwa ga Najjashi, sarkin da ba a zaluntar kowa a wurinsa, inda Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya karanta Suratu Maryam a fada. Suna faɗin wannan da alfahari, Kiristocin ma haka. Ba ina cewa babu tsamin dangantaka ba ne. Musulmi sun daɗe suna kukan cewa a zamanin sarakuna an mayar da su saniyar ware a harkar mulki, an yi rikici mai muni a Gondar a 2022, yaƙin Tigray na 2020 zuwa 2022 kuma ya taɓa har masallacin da ke garin Negash, inda ake danganta kaburburan wasu daga cikin masu hijirar. Sai dai mafi yawan rigingimun ƙasar na yau a kan ƙabila da ƙasa da mulki suke.

Daga Addis Ababa na hau jirgi zuwa Dire Dawa, garin da layin dogon Jibuti ya haifar a 1902, daga nan na shiga mota muka hau duwatsu tafiyar kimanin kilomita 50 zuwa Harar. Tsohon garin yana cikin ganuwa da ake kira Jugol, wadda Amir Nur ɗan Mujahid ya gina a tsakiyar ƙarni na 16, mai tsawon kusan kilomita uku da rabi, da ƙofofi biyar na asali. A cikin wannan ɗan fili akwai masallatai 82 da hubbaren waliyyai 102, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2006. Garin ya yi zamansa a matsayin masarautar Musulunci mai kuɗinta da kasuwancinta, in ban da 'yan shekarun da Masar ta mamaye shi, har zuwa 1887, lokacin da Menelik ya ci Amir Abdullahi a yaƙin Chelenko, aka gina cocin Medhane Alem a inda babban masallaci yake a dandalin Feres Magala. Lungunan suna da ƙunci, bangaye an shafe su da fari da kore da shuɗi, akwai ma wani lungu da ake ce masa na sulhu, domin mutum biyu ba sa iya gittawa ba tare da sun haɗa jiki ba, ko da kuwa suna gaba.

Na sauka a wani tsohon gidan Hararawa da aka mayar masaukin baƙi. Babban ɗakin ba shi da kujeru, sai dakali biyar masu tsawo daban-daban da aka shimfiɗe da dardumai da matasai, kuma kowanne da masu zama a kansa: akwai na maigida, wanda daga nan yake hango ƙofar gida, akwai na malamai da manyan baƙi, akwai na dattawa, akwai na yara a ƙasa-ƙasa. Baƙo ba ya zaɓar wa kansa wuri, nuna masa ake yi. Daɓen ja ne, kuma sun ce don tunawa da jinin waɗanda suka faɗi a Chelenko ake shafa shi. Bangon kuwa tun daga sama har ƙasa an rufe shi da faifai da adudai masu launi da akusan katako da kwanonin samira, an jera su bibbiyu cikin tsari, har na tsaya ina kallo kamar na shiga ɗakin amarya a cikin birnin Kano a zamanin da jere yake jere. A saman ƙofa akwai wani katako da ake ɗora naɗaɗɗun dardumai, kuma mai gidan ta bayyana mini cewa a al'ada yawansu yana nuna yawan 'yan matan gidan da suka isa aure, don mai nema ya gane ba sai ya tambaya ba. Da safe ta kawo mini kuti, shayin da ake yi da busasshen ganyen itacen gahawa da madara. Su ma suna da ƙungiyar unguwa irin iddir, sunanta afocha, ta maza dabam ta mata dabam, kuma tana ɗaukar nauyin biki da makoki duka. Bayan azumin Sitta Shawwal suna da wani bikin kansu mai suna Shuwalid, na zikiri da waƙe a hubbarori, wanda UNESCO ta amince da shi a 2023.

Da dare aka kai ni bayan ganuwa inda ake ciyar da kuraye. Wani mutum yana zaune a ƙasa da kwandon tarkacen nama, yana kira, sai ga su suna fitowa daga duhu ɗaya bayan ɗaya, suna karɓar nama daga kan ɗan gajeren kara, wani lokaci karan yana bakinsa. Waɗannan ba irin kurayen da gardawa suke yawo da su a kasuwanninmu da takunkumi da sarƙa ba ne, na daji ne, suna zuwa da kansu su koma da kansu. Ganuwar ma tana da ƙananan kafofi da aka bari don su shigo da dare su cinye sharar mahauta, a ranar Ashura kuma akwai al'adar dama musu fate da man shanu a ajiye a wasu hubbarori. Yanzu abin ya zama na 'yan yawon buɗe ido, ana biyan kuɗi ana haska fitilar mota, amma mutanen gari da na gani suna wucewa kusa da su a lungu ba su ko waiwaya ba.

Abin da ban ji daɗinsa ba a Harar shi ne cat. Ganye ne da ake taunawa ɗanye, a tara shi a kunci, ana haɗawa da gyaɗa da ruwa, yana kore barci ya sa surutu. Da an yi azahar sai gari ya lafa, masu shago su kishingiɗa a bakin ƙofa da ƙunshin ganye a gefe, a gidaje kuma maza su taru a kan dakalan nan su yi zaman da suke kira barca har la'asar sakaliya. An ba ni wuri a irin wannan zama, na karɓi shayi na bar musu ganyen, ba wanda ya matsa mini. Hirar tana da daɗi, a nan ake ƙulla ciniki a sasanta rigima, wasu tsofaffi ma suna cewa yana taimaka musu tsayuwar dare, amma malamansu sun rabu a kan hukuncinsa, kuma wata mata da na zanta da ita a kasuwa ta ce kuɗin cefane da yawa a can yake ƙarewa. Manoman yankin da yawa sun tuge gahawa sun shuka shi, domin ana girbinsa sau da yawa a shekara kuma kuɗinsa a hannu yake, ban ruwansa kuma yana cikin dalilan da ake ambata na ƙafewar tafkin Haramaya a shekarun 2000. Halal ne a dokar Habasha da Jibuti da Yaman, amma haramtacce ne a Saudiyya da Amurka, Ingila ma ta hana shi a 2014, saboda haka matafiyi ya kiyayi karɓar saƙon ganye daga hannun kowa a filin jirgi.

Ƙarfin ganyen yana gushewa cikin kwana biyu da tsinka, shi ya sa kasuwarsa ba ta barci. A hanyar komawa Dire Dawa mun ratsa Awadai, babbar kasuwar cat ta yankin, tun kafin ƙarfe 12 na agogonsu, wato kafin rana ta fito, muka tarar da garin a cike, mata ne mafi yawan masu ciniki, suna ɗaure ƙunshi-ƙunshi ana lodawa. Direbanmu ya riƙa sauka gefen hanya yana ba motocin Isuzu masu ɗauke da kayan wuri, domin ba sa taka birki don kowa, wasu sun nufi Jigjiga da Hargesa, wasu kuma Jibuti, kowannensu yana so ya isa kafin masu saye su zauna zaman azahar.